Masarar da Yari Ya Wanke

Akwai wani ɗan kasuwa a garin Zuru, wajen shekarar 2006, ana ce masa Yari. Hatsi yake sayarwa buhu-buhu, in damina ta matso kuma ya ƙara da taki da irin shuka. A ido mutum ne mai tsafta, kullum cikin farar shadda, ƙamshin turarensa yana riga shi isowa wuri. A bangon shagonsa ya sa an rubuta da jan fenti: "Kaya in sun fita ba su dawowa." Yana ji da rubutun nan kamar laya.

Jama'ar wannan shafi, ni dai duk sanda na tuna mutumin nan sai raina ya ɓaci. Ku biyo ni ku ji dalili.

A wannan shekarar Yari ya saro irin masara na kamfani mai yawan gaske, irin wanda ake shafe wa maganin ƙwari don kada a cinye shi a ƙasa. Duk manomi ya san shi, launinsa ja-ja ne. Jan nan kuwa ba ado ba ne, gargaɗi ne cewa wannan na shuka ne, ba na tukunya ba.

Sai ruwa ya sauka da wuri, manoma suka shuka irin da suka ajiye a gida, ba su jira kowa ba. Yari ya wayi gari da tulin buhuna a sito, ga shi in suka kwana shekara ba lallai su tsira ba. A daidai lokacin kuma damina ta yi tsakiya, rumbuna sun yi ƙasa, masarar ci ta yi tsada a kasuwa.

Wani zai rungumi asararsa. Yari kuwa sai ya nemo mata masu aikin lada, ya jera musu bahunan ruwa a bayan sito, ya ce su wanke masarar har sai ruwan ya daina ja.

Wata daga cikinsu mai suna Rabi ta ɗago kai ta ce, "Maigida, wanga masara ba ta shuka ba ce? In munka wanke mi za a yi da ita?"

Ya ce, "Aikin wanki na kira ki ko aikin tambaya? Ruwa na wanke komi. Sa hannu ki yi abin da ya kawo ki."

Haka suka yi ta cuɗa ta da hannu tsirara, jan ruwa yana gangara cikin kwata, yana wani irin wari mai hawa kai. Shi kuma yana tsaye nesa, ya toshe hanci da hankici. Da ta bushe a kan tamfol, ya sa aka gauraya ta da masara mai kyau, aka ɗinke cikin sababbin buhuna. Wato ya san warin bai dace da hancinsa ba, amma ya ga ya dace da cikin ɗan wani.

Cikin waɗanda suka sari buhun har da Margaret, mai awo a kasuwa. Cikin waɗanda suka auna a wurin Margaret kuma har da Rebecca.

Rebecca matar wani soja ce, Solomon, wanda aka tura Darfur aikin kiyaye zaman lafiya. Tana zaune da 'yarsu Joyce a wani ƙauye a gindin duwatsu, a gidan surukinta Baba Ezekiel, tsohon soja da ya koma noma. Ita 'yar wajen Dirin Daji ce, aure ya kawo ta. Mace ce mai hannun girki, in ana taro a coci ita ake bar wa babbar tukunya.

Baba Ezekiel ya kira gayyar maimai, wato noma na biyu, a gonarsa. Rebecca ta yi sammako, ta tuƙa tuwo da masarar da ta auno, ta kaɗa miyar kuka, ta dama kunu da sauran garin, ta ɗauka a kai zuwa gona. Ma'aikata suka zauna gindin ɗorawa suka ci suka sha. Ita tana ta zirga-zirga, ƙara wa wannan miya, miƙa wa wancan ruwa. Kowa ya san mai girki ita ce ƙarshen ci.

Kafin ta zauna ta sa loma a baki, wani saurayi ya yar da fartanya ya durƙusa yana amai. Can wani ya riƙe ciki, yawu na dalala a bakinsa. Kafin ka ce me, gonar ta cika da nishi da ƙarni, manyan maza suna birgima a kunya, gumi ya jiƙe su sharkaf. Baba Ezekiel da ya fi kowa shan kunu, shi kumfa ce ke fita a bakinsa.

A kan babura aka yi ta jigilarsu zuwa asibiti. Allah ya sa ba a rasa rai ba, amma tsohon ya daɗe a kwance, da ya fito kuma hannunsa ya kama rawa, ko kofi ba ya iya riƙewa daidai.

Tun a harabar asibitin wata ƙanwar mijin Rebecca ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Maman Joyce, kowa ya ci abincin nan. Ke mi ya hana ki ci?"

Tambayar nan ita ce ta zagaya ƙauyen, ta shigo har cikin Zuru.

Labari ya iske Yari a shagonsa. Bai buƙaci boka ba, ya san daga inda masifar ta fito. Kuna tsammanin ya tashi ya bi masu awo ya ce su dakata? Ko ya je asibiti ya gaya wa likita abin da mutanen suka ci, don a san maganin da za a ba su? Ko ɗaya bai yi ba.

Abin da ya yi shi ne, ranar kasuwa ya fito da kujera ƙofar shago, jama'a na kewaye da shi, ya ɗaga murya ya ce, "Ai matan sojojin nan sai a hankali. Miji ya yi nisa, gona take so. Tsohon ta so ta kawar, Allah ya tona ta. Rebecca ce sunanta, ku kiyaye ta."

Tir da wannan hali. Mutum ya zuba guba a kasuwa, sannan ya zauna ya harɗe ƙafa yana nuna wata da yatsa. Ni ban san abin da ya fi wannan ƙazanta ba.

Daga nan duniya ta juya wa Rebecca baya. A coci aka karɓe babbar tukunya aka ba wata, ba wanda ya ce mata komai. A bakin rijiya in ta ajiye bokiti, mata su janye nasu. In ta aika wa maƙwabta abinci, sai ta ga an zubar a bayan danga. Dangin miji suka zauna suka ce ta koma gidan iyayenta har Solomon ya dawo, amma Joyce za ta zauna, don ba za su bar jininsu a hannun mai sa guba ba.

Baba Ezekiel ne kawai ya tsaya. Ya ce, "A bari a yi girbi tukuna. Ban taɓa ganin mugunta ga yarinyar nan ba." Wannan jinkirin shi ne duk abin da ya rage tsakanin Rebecca da rabuwa da 'yarta.

Ana cikin haka hannayen Rabi suka lalace. Fatar ta saɓule, tsakanin yatsu ya tsattsage yana ruwa, ko wanke kwano ba ta iyawa. Ta je wurin Yari ta miƙa masa su ta ce, "Maigida, dubi abin da aikinka ya yi mini. Ka taimaka in je asibiti."

Ya ja kujera baya, ya yamutsa fuska, ya ce, "Matsa can, kina wari. Ban biya ki ladarki ba? Mi kuma ya rage tsakanina da ke?"

Da ya san abin da korar nan za ta jawo masa, da da kansa ya goya ta zuwa asibiti. Rabi ta fita tana hawaye, ba ta zame ko'ina ba sai rumfar Margaret, don ta san ta sari buhun. Ta zayyane mata komai.

Margaret ta dafe ƙirji. Ashe ita ma kajinta sun mutu bayan ta watsa musu tsabar da ta share a rumfa, tun ranar ta ɗaure bakin buhun ta tura shi lungu, tsoro ya hana ta gaya wa kowa. Suka kwance shi, suka ɗebo a tafin hannu suka fita cikin rana. A hancin wasu ƙwayoyin ga sauran ja nan ya maƙale.

Su biyu suka hau babur har ƙauyen su Rebecca. Washegari su uku suka tsaya a gaban Yari.

Ko gezau bai yi ba. Ya dubi Rebecca ya ce, "Ke, na taɓa ganinki a shagona? Na taɓa auna miki ko mudu guda? Ba ciniki tsakanina da ke. Wadda ta auna miki ga ta nan kusa da ke."

Ya juya wurin Margaret. "Ke kuma ɗaga kai ki karanta bango. In ba ki iya karatu ba a karanta miki."

Ya nuna Rabi da baki. "Wannan ko an sallame ta tuni. Ku ba ni wuri, ina da baƙi."

Matan suka fito jiki a sanyaye. Abin takaicin ma, sun fara yarda da maganarsa. Kuma kada ku yi musu dariya, da yawanmu haka muke zato: in ba ka saya kai tsaye a hannun mutum ba, ba ka da ta cewa, in kuma ya rubuta a bango shi ke nan ya wanke kansa.

Margaret ce ta tuna da Adaeze, 'yar mai shagon kayan babur da ke layinsu. A Zuru aka haife ta, a nan ta tashi, ta karanta lauya tana aiki a Birnin Kebbi, ta zo ganin gida. Suka same ta a cikin shagon babanta, tsakanin tayoyi da galan-galan na baƙin mai, ta saurare su har suka gama.

Rebecca ta ce, "Barista, ya ce ba ciniki tsakaninmu. Kuma gaskiya ne, ban taɓa shiga shagonsa ba."

Adaeze ta girgiza kai. "Mama, doka ba ta tsaya kan ciniki kaɗai ba. Lokacin da yake wanke masarar nan, bai san baki za ta shiga ba? Ya sani. To duk wanda ya fito da abinci kasuwa, nauyin wanda zai ci yana wuyansa, ko ta hannu nawa abincin ya bi. In ya yi sakaci aka cutu, wanda ya cutu yana da ikon kai shi ƙara ya nemi diyya. Baba da duk waɗanda suka ci a gona suna da wannan haƙƙin."

Margaret ta ce, "To rubutun bangon fa, 'yata?"

"Rubutun yana iya hana ki mayar da kaya don kin canja ra'ayi. Amma ke abinci kika saya, shi kuma ba abinci ya ba ki ba. Tun nan ya karya cinikin. Fenti ba ya fin doka ƙarfi."

Ta kama hannun Rabi a hankali ta duba. "Ke kuma, lada na aikin da kika yi ne, ba na fatar hannunki ba. Wanda ya sa mutum aiki mai haɗari, dole ya gaya masa, ya kuma ba shi abin kariya."

Rebecca ta ce, "Ni ban ci ba, ban yi ciwo ba. Ni sunana ne ya mutu."

Adaeze ta ce, "Suna ma doka tana kare shi. Ya tsaya a kasuwa ya ce kin sa guba, alhali ƙarya ce. Wannan ɓata suna ne, ƙara ce mai zaman kanta. Maganar hukunta shi kan laifi ta hukuma ce, za mu sanar da su. Tamu ita ce a mayar wa kowa haƙƙinsa. Amma kotu ba ta aiki da kuka, hujja take so. Kada kowa ya taɓa buhun nan, za a kai shi gwaji."

Da sammaci ya isa hannun Yari, sai ga dattawa ya turo gidan Baba Ezekiel. Suka ce a kashe maganar a gida, zai ɗauki nauyin maganin kowa har da ƙari, sharaɗinsa ɗaya ne: kada a ambaci sunansa, a ce ƙaddara ce. Dangi suka fara gyaɗa kai, don shekarar ta yi tsanani, kowa yana da buƙata.

Rebecca ta durƙusa gaban surukinta ta ce, "Baba, in an rufa masa asiri, ni a matsayin wa zan zauna a gidan nan? Gobe Joyce ta girma a ce mata uwarta ce ta sa wa kakanta guba, ta ce mi?"

Tsohon ya ɗaga hannunsa mai rawa ya nuna wa dattawan ƙofa, ya ce, "Ku gaishe shi. Mu haɗu gaban alƙali."

Shari'a ba ta da sauri. Aka yi girbi, aka ci Kirsimeti, ana ta ɗage zama. Rebecca ta sha zaman benci da harara, wasu har cewa suke yi ta kai mutumin kirki kotu don ta rufe laifinta. Ta haƙura, ba ta fasa zuwa ba ko sau ɗaya.

Sakamakon gwaji ya fito, ya nuna maganin ƙwari a jikin masarar, irin wanda likita ya ce shi ya kwantar da mutanen. Rabi ta tsaya ta ba da shaida, ta ɗaga hannayenta kowa ya gani. Sauran matan da suka yi wankin su ma suka yi magana. Masu shaguna biyu suka rantse sun ji abin da Yari ya faɗa a kan Rebecca.

Lauyan Yari ya ce ai mutumin bai yi niyyar cutar da kowa ba, ya ɗauka ruwa ya wanke maganin.

Alƙali ya ce, "Ba niyyarsa ake tambaya ba. Ana tambaya ne ko mutum mai hankali, da ya ga jan gargaɗi a jikin masara, zai yi abin da ya yi. Ba zai yi ba. Wanda ya toshe hancinsa daga warin abu, sannan ya sayar da shi a ci, ba zai ce bai sani ba."

Aka yanke ya biya diyya ga duk waɗanda suka ci, da Rabi, da Margaret, da Rebecca. Aka kuma umarce shi ya koma inda ya ɓata sunanta ya janye maganarsa a bainar jama'a.

Ranar kasuwa Yari ya tsaya ƙofar shagonsa cikin farar shaddarsa, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai ciwon haƙori. Daga cikin taro Rabi ta ce, "Maigida, ba mu ji ba. Ranar da ka kira sunanta har bakin tasha an ji ka." Dole ya maimaita da ƙarfi cewa Rebecca ba ta sa wa kowa guba ba, masararsa ce.

Maganar komawarta gidan iyaye ta mutu a nan, Joyce ta zauna a gaban uwarta. Matan da suka janye bokiti kuwa, su ne suka fara cika gidan suna cewa, "Dama mun san ba za ki aikata ba." Ba wadda ta ce a yi haƙuri. Wallahi su ma sun ba ni haushi, amma Rebecca ta shimfiɗa musu tabarma, ta kawo ruwa, suka sha.

Bayan 'yan watanni Yari ya tashi aurar da ɗansa. Ya ƙudura zai nuna wa Zuru cewa har yanzu shi ne. Ya sa aka yanka sa, aka dafa shinkafa tukunya-tukunya, aka kafa rumfuna har bakin titi.

Jama'a kuwa sun zo. Suka gaisa, suka yi wa ango fatan alheri, suka zazzauna. Aka jera faranti a gaban kowa, nama har yana zubowa. Ba wanda ya miƙa hannu.

Yari ya shiga zagayawa yana cewa, "Bisimilla mana, ku ci." Wannan ya ce ya ƙoshi, wancan ya ce cikinsa ba daɗi. Wata uwa ta buge hannun ɗanta da ya kai kan tsoka. Da abin ya ishe shi, ya tsaya tsakiyar fili ya ɗebi shinkafa ya cusa a baki, yana taunawa yana nuna musu, maiƙo yana ɗiga a kan shaddar. Suka zuba masa ido har ya haɗiye, sannan suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya.

Kafin la'asar abincin ya fara tsami, ƙudaje sun rufe shi baƙi ƙirin. Aka loda a baro za a zubar a juji. Maƙwabcinsa ya fito da sauri ya tare masu baron, ya ce don Allah su kai can nesa, awakinsa a nan suke kiwo.

Darasi: Duk abin da ka fitar kasuwa, nauyin wanda zai yi amfani da shi yana wuyanka, ko ka san fuskarsa ko ba ka sani ba. Rubutun bango ba ya kare mai sakaci, lada ba ya sayen lafiyar ma'aikaci, kuma sunan mutum haƙƙi ne da kotu take ƙwato masa. In an cuce ka, adana hujjarka, ka nemi masanin doka, kada ka yarda da "ba ciniki tsakaninmu". Ku tura wannan ga duk mai shago, mai awo da mai ɗaukar 'yan aiki da kuka sani, wataƙila ya tsaya ya yi tunani kafin ya ɗinke bakin buhu.